Rigol DS1054Z a teburin awon ferait: abin da yake iyawa da inda yake tsayawa

Ɗaliban injiniyan lantarki a Jami'ar Ghana da ke Legon da Accra Technical University, da masu gyaran kayan sadarwa da ke zirga-zirga tsakanin Nima da Zongo Lane a birnin Accra, sukan yi tambaya guda: osiloskof ɗin nan mai sauƙin kuɗi, Rigol DS1054Z, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a allo, zai iya auna madaukin maganaɗisu na ferait, wani yumɓu mai ƙarfe da maganaɗisu da ake sakawa a kayan maikurowef? Zai iya, amma ba shi kaɗai ba, kuma ba kowane awo ba. Wanda ya saye shi yana zaton da ya jona waya zai ga lambobin da ke cikin takardar masana'anta, zai sha mamaki.

Kafin a yi nisa, a kawar da wani ruɗani. Da an ce maikurowef, hankalin mutane kan tafi ga tandar ɗumama abinci, har wani ya ɓalle zobban maganaɗisun da ke cikinta ya kawo a auna. Waɗannan ferait ne mai tauri, sai an kai dubban osted (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) kafin a juya su, kuma babu wayar da aka naɗa da hannu da za ta motsa su. Wanda ake nufi a nan shi ne mai laushi, irin na cikin sakuleta da aisoleta da ke kare amfilifaya a turakun wayar salula, da na cikin fes-shifta da ke karkatar da sigina a rada. Sanannensu shi ne YIG, wani nau'in ganet na yitiriyam da ƙarfe, wanda Bertaut da Forrat suka bayyana a Faransa a 1956. Sai na lithiyam, da na magniziyam da manganis, da na nikel.

Abin da ake aunawa ba shi da wuyar fahimta. Ka naɗa waya a zoben ferait ka tura lantarki: ƙarfin da ke ingiza shi shi ne H, amsar da ya bayar ita ce B. Ka ɗaga H har ferait ya kusa ƙoshi, ka sauke zuwa sifili, B ba zai koma sifili ba. Abin da ya rage shi ne Br. Kafin ka goge wannan ragowar sai ka tura H ta baya, kuma yawan da ka tura shi ne Hc, wato taurin kan ferait ɗin. Idan aka zana B a kan H a cikakken zagaye, layin yakan dawo ya rufe kansa: wannan shi ne madaukin. A fes-shifta mai riƙe matsayinsa, bugun lantarki ɗaya ake yi a janye, ferait ya zauna a kan Br, kuma girman Br ɗin ne ke yanke yawan gocin da sigina zai yi. Shi ya sa masu ƙira ke son madauki mai kusurwa huɗu, Br babba, Hc ƙarami.

Shi osiloskof ɗin, tashoshi huɗu gare shi, faɗin megahaz 50, allo inci 7, yana ɗaukar samfuri biliyan 1 a daƙiƙa idan tasha ɗaya ke aiki, miliyan 500 idan biyu ne. Ya fito kasuwa a kan kusan dala 400, abin da ya sa ya cika ɗakunan gwaji na makarantu. Yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka bolt 230 ɗinmu bai dame shi ba, ko da wutar ta ɗan yi ƙasa da yamma. Saurinsa ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba, tunda awon madauki a kilohaz 1 ko ƙasa ake yi. Matsalarsa tana a tsaye ne, ba a kwance ba: mai juya sigina zuwa lamba bit 8 ne, matakai 256 kacal, kuma takardarsa ta ce kuskuren girman sigina zai iya kai kashi 3 cikin 100 na cikon allo, kashi 4 idan an sauka ƙasa da milibolt 10 a kowane gida. Duk wahalar da za a sha daga nan take fitowa.

Mu ɗauki zobe na gaske a lissafi. Faɗin waje milimita 25, na ciki 20, tsayi 5. Irin wannan siririn zobe ake so, domin idan bangon ya yi kauri, H na gefen ciki zai fi na gefen waje, kusurwoyin madaukin su lanƙwashe ba don laifin ferait ba. Kada faɗin waje ya wuce ninki 1.4 na na ciki, 1.25 ya fi. Tsawon hanyar maganaɗisu a zoben nan milimita 70.7 ne, faɗin yankansa murabba'in milimita 12.5. A naɗa zagaye 20 na turawa da zagaye 50 na karɓa. H shi ne yawan zagaye sau ampiya, a raba da tsawon hanya. Ampiya 1 zai ba da H na ampiya 283 a kowace mita, wato osted 3.55, tunda osted 1 daidai yake da 79.6. Idan Hc ɗin ferait osted 1 ne, kuma ana so a tura shi ninki biyar, ana buƙatar ampiya 1.4 a ƙololuwa.

Nan ne cikas na farko. DS1054Z ba shi da janareton sigina a cikinsa; 'yan uwansa masu harafin S a ƙarshen suna ne ke da shi. Ko ka sayi janareto daban, mafitarsa om 50 ce, don haka bolt 10 a ƙololuwa ba zai ba ka fiye da ampiya 0.2 ba. Kashi ɗaya cikin bakwai ke nan na abin da ake nema. Da shi za ka ga wani siririn madauki mai kama da ƙwayar dabino, ka karanta Br da Hc waɗanda suka gaza na gaskiya, domin ferait ɗin bai je ko'ina ba. Dole a sa amfilifayar sauti a tsakani.

Amma ba kowace ba, kuma wannan ne wurin da kaya ke ƙonewa. Ƙananan allunan amfilifaya na ajin D da suka cika shagunan kayan sauti, yawancinsu babu ƙafar mafitarsu ko ɗaya da ke haɗe da ƙasa. Duka biyun motsi suke yi. Shi kuwa osiloskof, matsin bakin-kada na tashoshinsa huɗu duk a haɗe suke da juna, kuma a haɗe da wayar ƙasa ta soket. Ka maƙala shi a ƙafar irin wannan amfilifaya, ka gajarce ta ke nan. Abin da ya dace shi ne ajin AB mai mafita ɗaya da ƙasa, irin wadda ake haɗawa da LM1875 ko TDA2030 ko LM3886. A jere da naɗin turawa a sa rasista om 4.7 mai wat 10 don amfilifaya ta ga kaya irin na lasifika, sannan rasistar awo om 1 mai wat 5 a ɓangaren ƙasa. Bolt ɗin da ke kan wannan om 1 shi ne H, a kai shi tasha ta ɗaya. Wasu kan yanke wayar ƙasa ta filogin osiloskof don su kauce wa matsalar. Kada a yi. Hasali ma a gwada soket ɗin da mita tukuna, domin wasu wayoyin ƙarin soket masu araha da ke kasuwa ramin ƙasarsu ado ne kawai, babu waya a bayansa, kuma ƙugin haz 50 da zai hau siginar milibolt ba kaɗan ba ne.

Rasistar awon kada ta zama irin mai naɗaɗɗiyar waya a ciki idan da hali, domin ita kanta kwayil ce, tana gusar da fes ɗin H, wato lokacin tashi da saukarsa, wanda ake aunawa da digiri. Gocin digiri 1 kamar ba komai ba ne, sai an yi lissafi: a tuƙin osted 5, yana ƙara ko rage kusan 0.085 a kan Hc. Ga ferait mai Hc osted 1, kuskuren kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ke nan daga digiri ɗaya tak. Saboda haka ma tashoshin biyu su zauna a kan DC. Idan aka sa ɗaya a AC, kafasitar shigarta za ta kawo nata gocin, wanda a kilohaz 1 ƙarami ne, a haz 50 kuwa ya kai digiri da yawa.

B ya fi wuyar kamawa. Naɗin karɓa ba B yake bayarwa ba, saurin canjin B yake bayarwa, sai an tara shi a kan lokaci. Hanyar da littattafan makaranta ke nunawa ita ce rasista da kafasita a jere, a karanta bolt ɗin kan kafasitar: B zai zama R (rasistar) sau C (kafasitar) sau wannan bolt, a raba da zagaye sau faɗin yanka. Da om 10,000 da maikurofarad 1, R sau C daƙiƙa 0.01 ne. Idan B ya kai tesla 0.15, wato gaus 1500, abin da zai fito a kan kafasita milibolt 9.4 ne kawai. A ma'aunin milibolt 5 kowane gida, bai cika gida huɗu daga sama zuwa ƙasa ba, kuma a daidai yankin da osiloskof ɗin ya fi rauni. Dole tsinken awo ya koma 1X, ko a yi amfani da wayar BNC kai tsaye, a kunna iyakar megahaz 20, a sa Average ya tace hayaniya. Duk da haka layin zai fito da kauri kamar an ja shi da gawayi.

Ga kuma yoyo. Kafasitar tana zubar da abin da ta tara ta cikin rasistar. A kilohaz 1, rabin zagaye rabin milisakan ne, don haka ana asarar kusan kashi 5 cikin 100 kafin B ya juya. A kan allo alamarsa a bayyane take: saman madaukin da ya kamata ya kwanta sai ya karkata, bakunan biyu na sama da na ƙasa su harɗe kamar an ɗaura igiya. Duk wanda ya ga wannan harɗewa kada ya ɗora wa ferait laifi.

Akwai masu cewa a bar janareto da amfilifaya, a ɗauki taransifoma mai sauke wutar gida zuwa bolt 6 ko 12 a tuƙa da ita. Ampiya dai za a samu. Amma a haz 50, wancan R sau C ya yi kaɗan ƙwarai, gocinsa ya kusa digiri 18. Ka ɗaga shi zuwa daƙiƙa 0.22 da om 100,000 da maikurofarad 2.2, yoyon ya ragu, siginar kuma ta faɗi zuwa milibolt 0.43, ƙasa da rabin gida a ma'auni mafi ƙanƙanta da DS1054Z ke da shi, milibolt 1. An gudu ba a tsira ba. Ƙari a kan haka wutar layi ba ta tsayawa wuri ɗaya, firij ko injin niƙa na maƙwabta ya tashi, madaukin ya numfasa. Wannan hanya ta yi daidai da ƙarfen taransifoma mai faɗin yanka da B sama da tesla 1, ba ƙaramin zoben ferait ba.

Mafita biyu ce. Ta farko, a gina mai tara sigina da of-amf, ƙaramin cif ɗin nan mai ƙara sigina: om 10,000 a shiga, nanofarad 100 a hanyar komawa, megaom 1 a gefen kafasitar don kada mafita ta gudu ta manne a bango. Siginar ta zama milibolt 94, ninki goma, yoyon kuma ya sauka zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100. A zaɓi OP07 a kan TL072, domin da'irar tana ninka karkatar DC sau 100. Milibolt 3 na TL072 zai zama 300, ya fi siginar kanta girma. Kafasitar ta zama ta folifurofilin, ba ta yumɓu ko mai ruwa ba, kuma a auna ta da mitar LCR, mai auna kwayil da kafasita da rasista, kafin a saka. Idan an rubuta 100 a jikinta alhali 110 ce, kashi 10 ɗin nan kai tsaye zai shiga Br. Da wannan da'ira yanayin XY na osiloskof ɗin, mai zana tasha ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, yana nuna madauki mai kyan gani, ya isa a koyar da aji ko a kwatanta zobe biyu.

Ta biyu ta fi, kuma a nan ne DS1054Z ya ci kuɗinsa. A manta da XY, a kai naɗin karɓa kai tsaye tasha ta biyu, a tsayar da ɗauka, a kwashe lambobin zuwa kwamfuta a tara su can. Ana iya ajiye CSV a filashi, sai dai abin da ke kan allo ɗigo 1200 ne kawai, ajiye dukan ƙwaƙwalwar ta USB kuma na cin lokaci har mutum ya gaji da jira. Ta wayar LAN da umarnin SCPI, yaren da kwamfuta ke sarrafa kayan awo da shi, ya fi sauri, ana jan ɗigo 250,000 a kowane karo, kuma 'yan layukan Python sun wadatar. A nan siginar babba ce, matsakaicinta kusan bolt 0.375, da tsinaye masu ninka haka sau da yawa a lokacin da ferait ke juyawa. Tsinayen nan su ne tarko: idan kansu ya fita daga allo, an yanke wani yanki na B ke nan, kuma ba za ka gane ba sai Br ya fito ƙasa. Idan kuma ka buɗe ma'auni zuwa rabin bolt kowane gida don su shiga, mataki ɗaya na bit 8 ya zama milibolt 16 ko fiye. Karkatar milibolt 10 kaɗai, idan aka tara ta a zagaye ɗaya, tana hana madaukin rufewa da kusan kashi 5 cikin 100. Maganinsa mai sauƙi ne: a yanki cikakkun zagaye, goma ko ashirin, ba tare da ɓari ba, a cire matsakaicin siginar kafin a tara, sannan a haɗa zagayen a ɗauki matsakaicinsu. High Res yana taimakawa sosai a nan, tunda akwai samfura fiye da buƙata.

Osiloskof ɗin yana da aikin tara sigina a cikin Math ɗinsa, yana da amfani don leƙa siffar B a kan lokaci, amma kowace ƙaramar karkata tana sa layin ya riƙa hawa tudu.

Sauran kurakuran ba na osiloskof ba ne, na hannu ne. Bangon zoben milimita 2.5 ne, kuskuren 0.05 a baniya, ma'aunin kauri, ya zama kashi 2. Zobe mai fenti, idan kaurin fentin 0.1 ne a kowane gefe, ya ƙara kashi 8 a bangon da ka auna. Naɗi kuma kada a ɗaure shi tamau. Ferait yana jin matsi, Br ɗinsa kan sauya idan aka takura shi, abin da ya sa masana'antu ke ƙara ɗan manganis a cikin ganet irin su YIG don rage wannan hali. A fara liƙa siririn tef, naɗin karɓa ya zauna a ƙasa kusa da ferait, na turawa a bisansa, a baza shi ko'ina a zoben, kada a tara shi gefe guda. Zafi ma yana da nasa. Takardun masana'anta a kusan digiri 25 suke ba da lambobi, shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki a Accra kuwa yakan wuce 30 da rana. Ƙoshin YIG yana raguwa da kusan gaus 4 a kowane digiri, domin zafin da yake rasa maganaɗisunsa gaba ɗaya kusan digiri 280 ne, ƙasa sosai da na ferait ɗin nikel mai kusan 585. Zoben kansa a kilohaz 1 abin da yake ci 'yan gomomin miliwat ne kawai, amma rasistar wat 10 tana zafi, a nisanta ta, a kuma rubuta zafin ɗakin tare da kowane awo.

Gwaji ɗaya da bai kamata a tsallake ba: a naɗa kwayil biyu masu ɗaruruwan zagaye a kan bututun roba, babu ferait, a auna kamar yadda za a auna zobe. Iska ba ta da madauki, miƙaƙƙen layi ya kamata a gani. Duk buɗewar da ta bayyana, gocin kayan awonka ne.

Game da samun zobban gwaji, a yi hattara da na 'yan gwangwan. Zoben nan mai launin rawaya da fari da ake cirowa daga akwatin wutar kwamfuta garin ƙarfe ne, ba ferait ba, layinsa kusan miƙaƙƙe ne kuma ba zai ƙoshi a wannan tuƙi ba. Na cikin caja da taransifomar wutar suwicin yawanci ferait ɗin manganis da zink ne, yana kaiwa kusan tesla 0.5. Yana da kyau don koyon hannu domin siginarsa ta ninka ta YIG kusan sau uku, amma lantarki na ratsa shi fiye da kima, ba ya aiki a gigahaz. Mitar om ma tana rarrabewa: tsinkaye biyu a kan tsirarar fuskar manganis da zink za su nuna wani abu, na maikurowef kuwa kamar gilashi yake.

Iyakar wannan tebur a fili take. Lambar farko da mai ƙirar sakuleta ke nema ita ce ƙoshin maganaɗisu, 4πMs, wanda a YIG tsantsa kusan gaus 1780 ne. Ka ninka shi da megahaz 2.8 a kowane osted, ka samu kusan gigahaz 5. Ƙasa da nan, YIG ɗin da bai ƙoshi ba yana shanye sigina, shi ya sa ake sa alminiyam a rage ƙoshin don ƙananan zanguna. Tuƙin osted 5 ba ya kai zobe ga cikakken ƙoshi, don haka B ɗin da ka gani a bakin madauki ba shi ne wannan lamba ba, kada a rubuta shi da sunanta. Wannan aikin na'urar VSM ne, wadda Simon Foner ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1950, mai girgiza ɗan guntun ferait a tsakanin manyan maganaɗisu masu dubban osted. Haka nan faifan ferait da aka ciro daga tsohuwar sakuleta ba ya aunuwa ta naɗi, domin hanyarsa ba rufaffiya ba ce. Fuskokinsa suna haifar da ƙarfin da ke adawa da wanda kake turawa, kuma siririn faifan YIG yana buƙatar kusan osted 1780 ta tsaye kafin ya ƙoshi. Faɗin layin rezonans kuwa, wanda ke nuna yawan asara a maikurowef, ana auna shi ne da ɗan ƙwallon ferait a cikin kogon ƙarfe a wajen gigahaz 9, bisa hanyoyin da ke cikin ƙa'idar IEC 60556. Megahaz 50 ba ta kusa da nan.

Wanda aikinsa shi ne kwatanta siffar madauki, ya tantance zobban da suka zo daga odar waje, ko ya duba yadda gashi a tanda ya sauya Hc a aikin digiri, DS1054Z ya ishe shi, kuma da hanyar kwamfuta da kafasita da rasistar da aka auna zai iya tsayawa cikin 'yan kashi kaɗan na gaskiya. Tashoshin biyu da suka rage ma suna da amfani: ɗaya ta duba mafitar amfilifaya ko ta fara yanke kan sigina, ɗaya ta karɓi bugun janareto don ɗaukar ta tsaya cak. Fankarsa tana da ƙara, kuma tana zuƙar ƙurar hunturu, a riƙa rufe shi da ƙyalle bayan an kashe. Idan kuɗin ya rage bayan sayensa, kada a kashe su wajen neman mai megahaz 100. A sayi mitar LCR, da baniya mai kyau, da ƙaramin UPS saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar kwashe lambobi.